Nazarin Lamari: Yadda Damina Ta Rushe Taswirar Wata Ɗaliba

Asalin lamarin

Gundumar da aka yi wannan aiki tana cikin wata ƙasa mai tasowa a yankin zafi, inda shekara ta rabu biyu, rani da damina, kuma noma ne abin dogaron mafi yawan jama'a. Garuruwa biyu ne a yankin ke da kasuwar da ta amsa sunanta. Babban shi ne hedikwatar gunduma, yana bakin kwalta, da banki da tashar mota. Ƙaramin yana gaɓar wani babban kogi, a tsallake, kilomita 30 daga babban idan aka ja layi miƙe a taswira, kasuwarsa kuma sau ɗaya take ci a mako. Tsakanin garuruwan biyu ƙauyuka ne birjik. Hanyar burji guda ɗaya ce ta ratsa su: ta taso daga kwalta, ta haye wani rafi marar gada a kilomita na 8, ta je ta tuƙe a bakin kogin.

Ofishin gona na gundumar ya gina sito a mahaɗar burjin da kwalta domin manoma su riƙa kawo amfanin gona a auna a saya. Kaka biyu suka wuce, sito bai taɓa cika ko rabi ba. Wata ɗalibar digiri na biyu a sashen ilimin labarin ƙasa ta ɗauki wannan a matsayin batun kundinta, da tambaya guda: waɗanne ƙauyuka ne ke kai kayansu babban gari, waɗanne ne ke kaiwa ƙarami, kuma ina iyakar take?

Tambayar da sauƙin faɗi, amsarta kuwa ba ta cikin takardun hukuma. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, kimanin mutum biliyan 2, suna neman abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista, kuma yawancinsu suna ƙasashe masu tasowa. Buhun da aka ɗora a keke aka sayar a bakin ruwa ba ya shiga littafin kowa. Mai son sanin inda ya tafi dole ya taka da ƙafarsa.

Wata na 1 da na 2 na aikin: lissafin kan tebur

Ta fara da abin da aka koya mata a aji. Akwai ƙa'idar da William Reilly ya wallafa a Amurka a 1931, wadda ke cewa gari yana jawo masu ciniki gwargwadon yawan mutanensa, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa. A 1949 Paul Converse ya mayar da ita lissafin da ke fitar da wurin da jan garuruwa biyu ya yi daidai wa daida. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe, wadda ta haura shekara goma, ta nuna babban gari ya ninka ƙaramin sau huɗu. Bisa lissafin, iyaka ta faɗo a kilomita 20 daga babban gari, 10 daga ƙarami. Ta ja layin a kan tsohuwar taswirar hukuma mai ma'aunin 1:50,000. Kashi biyu bisa uku na tazarar ya zama na babban gari, wato sito yana inda ya kamata. In haka ne, me ya hana shi cika?

Wata na 3: fita ta farko, tsakiyar rani

Ta shirya takardar tambayoyi, ta buga kwafi 120. Rabi ta cika su a kasuwar babban gari, rabi a ƙauyuka shida da ke bakin burji. Motar haya take ɗauka da safe, ta isa ƙauye wajen ƙarfe goma, ta juyo kafin la'asar. A kowane ƙauye takan gabatar da kanta ga shugaban wurin, shi kuma ya tara mata waɗanda ke nan, galibi dattawa maza masu gidaje. Ta kuma yi ƙidayar ababen hawa na yini ɗaya a mahaɗar, daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma, tana ƙirga masu inji kawai.

Tambayoyi uku suka ba ta wahala. "Kilomita nawa ne daga nan zuwa kasuwa?" Wani ya ce biyar, maƙwabcinsa ya ce ashirin, wata tsohuwa ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa aunawa ba. "Nawa ka samu bara?" Nan fuskoki suka canza, domin baƙuwa mai biro da takarda tana tambayar kuɗin shiga ta yi kama da mai karɓar haraji. "Ina ka saba sayar da kayanka?" Wannan kowa ya amsa da sauri, kusan duka suka ce babban gari.

Da ta shigar da amsoshin a kwamfuta, sai suka zauna daram a kan layin Converse, har ma suka wuce shi. Ta rubuta babi guda tana cewa aikin fili ya tabbatar da ƙa'idar.

Wata na 4: maganar direba

Abu biyu suka tsayar da babin. Malamin da ke duba aikin ya karanta, ya tambaye ta: "Idan kika tsaya a kasuwar babban gari kika tambayi mutane ina suke sayar da kaya, wace amsa kike jira? Wanda ba ya zuwa nan, a ina za ki gan shi?" Ya kuma nuna mata jerin karkatar da Robert Chambers na Birtaniya ya zayyana a 1983 game da yadda baƙi masu bincike ke ziyartar karkara: sukan tsaya inda kwalta ta kai, sukan je da rani, sukan gana da manya da maza da waɗanda suka tarar a gida, sukan kauce wa tambayar da za ta ɓata wa mai masauki rai. Ta ɗora jerin a kan littafin fitarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai same ta ba.

Na biyun ya fito daga bakin direban da ya riƙa kai ta. Da ta je biyansa ragowar kuɗin haya, ta ce masa za ta sake buƙatarsa bayan ruwa ya sauka. Ya girgiza kai ya ce: "Malama, ai da ruwa ya zauna ba mai shiga bayan rafin nan. Ni dai ba zan kai motata ta kwana a laka ba. Mutanen can jirgi suke bi." A taswirarta kogin shuɗin layi ne kawai, shinge tsakanin ƙauyuka da ƙaramin gari. Ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin hanya ba.

Wata na 5: gwajin na'ura

Kuɗin fita ya ja baya, don haka ta nemi gyara daga ɗaki. Ta tura taƙaitattun tambayoyi ta waya ga lambobin da ta tara. Amsa kaɗan ta dawo, kuma daga ƙauyukan bakin hanya, inda akwai sabis da wurin cajin waya. Wato ta sake jin muryar mutanen da ta riga ta ji.

Ta koma ga hotunan tauraron ɗan'adam. Na Landsat kyauta ne tun 2008, amma kowane ɗigo a cikinsu mita 30 ne a ƙasa. Na Sentinel-2, wanda Turai ta fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10. Duka biyun suna nuna gona da fadama da faɗin kogi, ba sa nuna hanyar ƙafa. Hotunan watannin damina, waɗanda su take nema, gajimare ya rufe mafi yawansu. Taswirar OpenStreetMap ta yankin tana da kwalta da burji, ƙauyukan ciki kuwa wasu ma ba su da suna. Hotunan hasken dare sun nuna garuruwan biyu, tsakaninsu baƙi ƙirin, kamar ba kowa.

Abu ɗaya ta samu a wannan watan, kuma ya yi amfani ƙwarai daga baya. Hotunan Google Earth masu kaifi, duk da na rani ne, suna nuna rufin gidaje. Ta zauna ta ɗiga alama a kan kowane gida tsakanin kwalta da kogi a manhajar zana taswira ta QGIS. A nan ta gano unguwanni da dama kusa da gaɓar kogi waɗanda tsohuwar taswirar ba ta san da su ba. A karon farko ta mallaki jerin gidajen da za a iya zaɓar samfuri daga cikinsu, wato gidajen da za a yi wa tambayoyi a madadin sauran.

Wata na 6 da na 7: sabon tsari

Ta raba yankin gida uku. Rukunin farko, ƙauyukan da ke cikin kilomita 2 daga hanyar da mota ke bi duk shekara. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ma'auni ba: shi ne Bankin Duniya ya fito da shi a 2006 don auna yadda mutanen karkara ke kaiwa ga hanya, daga baya kuma ya shiga ma'aunan muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Rukuni na biyu, daga nan zuwa rafi. Na uku, bayan rafi har kogi. A kowane rukuni ta zaɓi ƙauyuka huɗu ta hanyar ƙuri'a, a kowane ƙauye gidaje 20, tana ɗaukar gida ɗaya ta tsallake adadin da lissafi ya bayar. Jimilla 240. Gidan da aka tarar ba kowa sai an koma masa sau biyu a wani lokaci daban kafin a musanya shi, kuma ba a barin shugaban ƙauye ya zaɓo wanda zai amsa.

Takardar tambayoyin ma ta sha gyara. An fassara ta zuwa harshen yankin, wani dabam ya mayar da ita harshen asali don a ga inda ma'ana ta zame, sannan aka gwada ta a gidaje goma a ƙauyen da ba ya cikin samfuri. Kilomita ta fita, lokaci ya shigo: yaushe ka bar gida, yaushe ka isa, da me ka tafi? "Ina ka saba sayarwa" ta koma "kayan da ka sayar na ƙarshe, ina ka kai su, wa ya saya, yaushe aka biya ka?" Bambancin waɗannan biyun babba ne. Tambayar saba tana jawo amsar da mutum yake ganin ta dace da shi, ta ƙarshe kuwa tana sa ya tuna wata rana takamaimai. Tambayar kuɗin shiga aka cire ta ɗungurungum. A kowane gida ana tambayar wanda ya yi tafiyar da kansa, kuma sau da yawa mace ce ko matashi.

Ta ɗauki mataimaka biyu 'yan yankin, mace da namiji, ta horar da su kwana uku a kan manhajar KoboToolbox, wadda ke karɓar amsa a waya ko babu intanet. Kafin kowace hira ana faɗa wa mutum abin da aikin yake, da cewa yana da damar ƙin amsawa. Wurin kowane gida GPS ya ɗauka, wanda a waya kuskurensa bai wuce 'yan mitoci ba a sarari. Saboda wannan kaifin ne ta yanke cewa taswirar da za a buga ba za ta nuna gida ba, ƙauye kawai. Manyan binciken lafiya da yawan jama'a da ake yi a ƙasashe masu tasowa ma haka suke yi: sukan gusar da wurin da gangan, har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara.

Wata na 8 zuwa 11: damina da kaka

Wannan karon ta tare a wani ƙauye bayan rafi. A kowane ƙauyen samfuri, kafin a fara hira, ana zama da mutane, maza daban mata daban, su zana yankinsu a ƙasa da tsinke da tsakuwa. A zama na farko wata mata ta karɓi tsinken, ta ja kogin tukuna, ta jera duwatsu huɗu a gaɓarsa, kowanne mashigin jirgi ne da sunansa. Sai ta ja siraran layuka daga ƙauyen zuwa biyu daga cikinsu. Burjin ta zana shi daga ƙarshe, da ta kai wurin rafi ta goge shi da tafin hannu ta ce daga nan sai bayan ruwa. Ɗalibar ta ɗauki hoton zanen, washegari ita da mataimakanta suka bi layukan da GPS a kunne. Duk suna nan yadda aka zana.

Ƙidayar hanya ta koma wurare uku: mahaɗar kwalta, bakin rafi, da mashigin jirgi mafi girma. Ana farawa ƙarfe biyar na asuba a tashi bakwai na yamma, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, ana ƙirga duk abin da ya ɗauko kaya: mai dako a ka, keke, babur, amalanke, jirgin ruwa, mota. Kafin ƙarfe takwas, lokacin da ƙidayarta ta farko ke farawa, mafi yawan kayan ranar kasuwa sun riga sun wuce mashigi.

Ta kuma bi kaya da kanta. Daga wani ƙauye a kilomita na 14, wanda lissafin tebur ya ba babban gari ba gardama, ta raka masu kaya zuwa ɓangarorin biyu. Da rani babur yana kai buhu daga nan zuwa kwalta cikin ƙasa da awa guda. Bayan kwana biyu ana ruwa, tafiyar ta ci fiye da awa huɗu: babur ya tsaya a bakin rafi, aka sauke, aka jira ruwa ya ja, 'yan dako suka haye da kayan a ka, aka nemi wani babur a tsallake. Kowace saukewa da ɗorawa kuɗi ce, kuma buhu ɗaya ya jiƙe. Ta ɗaya ɓangaren, amalanke ya kai kaya mashigi, jirgi mai inji ya kwashe su gaba ɗaya, aka sauka a ƙaramin gari cikin kimanin awa biyu. Da rani kogin yakan janye ya bar rairayi, jirgi mai kaya ba ya iya tafiya. Da damina shi ne babbar hanyar yankin.

Hirarrakin sun fito da wani abu da ba ya cikin tsarin tun farko. Manoma da dama a rukuni na uku sun karɓi bashin taki ko iri a farkon damina daga 'yan kasuwar ƙaramin gari, da alkawarin biya da amfanin gona. Kayan nan tun suna gona an san mai su. Sannan farkon girbi yana zuwa ne ruwa bai gama ɗaukewa ba, lokacin da hanya ta fi lalacewa kuma aljihu ya fi bushewa. Ɗan kasuwa yana biya nan take a bakin jirgi. Sito yana buɗewa lokacin ofis, yana rufe ranakun hutu, kuma biyansa sai bayan kwanaki, ta banki, bankin da ke babban gari.

Wata na 12 zuwa 14: sakamako

Da rani ya dawo ta maimaita ƙidayar hanya a wuraren uku, ta sake ziyartar rabin gidajen. Kundin ya ƙare da taswira biyu maimakon ɗaya, kowacce tana nuna tsawon lokacin tafiya da kaya zuwa kowace kasuwa. A ta rani iyakar tana kusa da inda Converse ya sa ta. A ta damina da farkon kaka ta dawo bakin rafi, kilomita 8 daga babban gari. Ƙauyukan da ke tsakanin kilomita na 8 da na 20 suna sauya kasuwa da sauyin yanayi, kuma a lokacin da kaya suka fi fita suna fuskantar kogi ne.

Ta miƙa wa ofishin gona taƙaitaccen rahoto da shawara uku: kwalbati ko ƙaramar gada a rafi, wurin auna kaya na wucin gadi bayan rafi a lokacin girbi, da biyan manomi ranar da ya kawo kaya. Ofishin ya sa batun kwalbatin a buƙatun kasafin shekara mai zuwa, ya fara buɗe sito da sassafe a ranakun kasuwa. Tsarin biya bai canza ba, domin ba a gunduma ake yanke shi ba. Ta kuma koma ƙauyukan da kwafin taswirorin, aka manna a makarantu.

Hukunci

Lissafin Reilly da Converse bai yi ƙarya ba. An gina shi a ƙasar da kilomita ɗaya na hanya kusan daidai yake da kowane kilomita, a kowane wata, kuma taswirar rani ta nuna yana aiki idan sharaɗin ya cika. Aibin fita ta farko shi ne duk hanyoyin da aka bi, kasuwa da bakin burji da ƙidayar mota da tambayar waya, suna kallon yankin daga gefen kwalta. Sun yi ta goyon bayan juna saboda makantarsu iri ɗaya ce. Ƙara yawan takardu daga 120 zuwa dubu da wannan salon ba zai gyara komai ba, sai dai ya ƙara wa kuskuren kwarjini.

A ganina abin da ya fi kowanne tasiri shi ne jerin gidaje da zaɓen ƙuri'a, domin shi ya tilasta mata zuwa inda mota ba ta zuwa. Bayansa sai sauya ma'auni daga kilomita zuwa awa, da zama a wurin cikin damina. Zanen ƙasa ya nuna hanyoyin da za a auna, GPS ya auna su, ƙidayar mashigi ta nuna nauyin abin da ke binsu. Waɗannan ukun ba tushe ɗaya suke da shi ba, shi ya sa haɗuwarsu a kan amsa ɗaya take da ƙima. Hotunan sama sun taimaka a aiki guda, ƙirga rufi, kuma ya kamata a tsaya a nan wajen yabonsu.

Aikin yana da rauni da ya kamata mai karanta shi ya sani. Da gidaje 240 an zaɓo su ɗaiɗai daga yankin duka, kuskuren samfuri zai kai wajen kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari sama ko ƙasa. Tunda a dunƙule suke cikin ƙauyuka 12, kuma maƙwabta sukan yi abu iri ɗaya, kuskuren ya fi haka faɗi, don haka alƙaluman kowane rukuni alkibla suke nunawa kawai. Batun bashi ya fito ne a tsakiyar aiki, ba a auna shi da tsari ba, alhali yana iya zama shi ne zai hana kwalbatin cika sito ko an gina shi: manomin da ya ci bashin ɗan kasuwar tsallake zai kai masa kaya ko da hanya ta yi sumul. Sannan damina ɗaya aka gani. Yawan kwanakin da rafin ke yanke hanya a shekara shi ne adadin da injiniya zai fara nema kafin ya zana gada, kuma ba a samunsa sai da rikodin shekaru. Kafin ta tashi ta kafa sanda mai alamar santimita a bakin rafin, wani malamin firamare na ƙauyen kusa ya karɓi aikin rubuta tsayin ruwan kowace safiya, ofishin gona kuma ya amince zai riƙa karɓar littafin a ƙarshen kowace damina.